Fayilolin da manhaja ke fitarwa: in zuba su cikin tebur, ko in nema musu wani wuri?

Bazazzagi_92:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin in taɓa abin da zan zo ina cizon yatsa. Ni ke kula da manhajar wata ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata, mambobi sun kusa 1,800. Da Laravel, tsarin rubuta manhaja da yaren PHP, aka rubuta ta, rumbun bayanan kuma PostgreSQL 15 ne. Duk ƙarshen wata ma'aji yakan danna maɓalli, manhaja ta fitar masa da fayil ɗin Excel na waɗanda suka biya da waɗanda ake bi bashi, sannan kowane mamba a fitar masa da takardar bayanin asusunsa ta PDF.

Da can a folda muke ajiye su a kan saba, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kai, lafiya lau. Watan jiya muka koma Docker, mai gudanar da manhaja cikin kwantena da ake jefarwa a yi sabuwa in an ɗora gyara, saba kuma ta zama biyu. Daga nan abu ya rikice. Mutum ya zo sauke takardarsa, in ya faɗa kan sabar da ba ita ta haɗa fayil ɗin ba, sai a ce masa babu. Ranar Talata kuma na ɗora sabon gyara, duk fayilolin makon suka tafi tare da tsohuwar kwantena. Kafin azahar ma'aji ya kira ni sau huɗu.

Abin da ke raina shi ne in buɗe tebur guda, in sa masa ginshiƙin bytea, wanda ke ɗaukar ɗanyen fayil, in riƙa zuba fayil ɗin kacokan a ciki. Kowace saba ta karanta daga wuri ɗaya, kuma kwafin ko-ta-kwana na rumbun ya haɗa da su. Amma duk wanda na tuntuɓa sai ya ce kada in kuskura, ba tare da ya faɗa min dalili ba. Wanda ya taɓa yi ya gaya min abin da ya gani.

Dan_Kurmi:
Wa alaikumus salam. Kada ka fara. Rumbun bayanai na bayanai ne, ba sito ba ne. Ka sa fayil a ma'ajiyar fayil, ka rubuta sunansa da inda yake a tebur, shi ke nan.

Uwar_Biyu:
Malam Dan_Kurmi, ai abin da ya yi ƙorafi a kai ke nan, a ce kada a yi ba a faɗi dalili ba. Ɗan'uwa Bazazzagi, kafin kowa ya yanke maka hukunci: nawa ne girman kowane fayil, guda nawa ake fitarwa a wata, kuma har tsawon wane lokaci ake son su zauna?

Bazazzagi_92:
Na gode Hajiya. Na Excel ɗin bai wuce MB 4 ba, kuma biyu ko uku ne a wata. PDF ɗin mambobi kowanne kamar KB 60. Rumbun kansa yanzu bai kai MB 500 ba. Maganar tsawon lokaci kuwa ba a taɓa yanke ta ba, ajiyewa kawai ake yi.

Uwar_Biyu:
To mu yi lissafi. KB 60 sau 1,800 ya ba ka kamar MB 108 a wata, a shekara wajen GB 1.3. Wannan ba abin da zai karya PostgreSQL ba ne, ko kusa. Amma ka lura da abu ɗaya: cikin wata biyar fayilolin za su fi ainihin bayanan kuɗin mutane girma. Daga lokacin, duk abin da za ka yi wa rumbun, kwafi ne ko maidowa ko ƙaura, yawancin lokacinka a kan ɗaukar PDF zai tafi.

Malam_Kod:
Wannan gardamar ta girmi wasunmu a sana'ar. A 2006 masu bincike uku, Russell Sears na Jami'ar California a Berkeley da Catharine van Ingen da Jim Gray na Microsoft, sun zauna sun gwada SQL Server da tsarin fayil na NTFS. Abin da suka samu: abin da bai kai KB 256 ba ya fi sauri a cikin rumbu, abin da ya haura MB 1 ya fi dacewa a waje, tsakanin nan kuma ya danganta da yawan karantawa da sake rubutawa. Masu SQLite ma sun yi nasu gwajin da ƙananan fayiloli na kamar KB 10, suka ce karanta su daga rumbu ya fi karanta su daga folda sauri da kusan kashi 35 cikin ɗari. Don haka "kada ka fara" ba doka ba ce. PDF ɗinka na KB 60 yana ɓangaren da rumbu ya yi nasara.

Dan_Kurmi:
Malam, binciken 2006 kan faifai mai juyawa aka yi shi. Kuma sauri suka auna. Ni ba sauri ne damuwata ba, ranar da rumbu ya faɗi da ƙarfe biyun dare nake tunawa.

Injiniya_Gwale:
Bari in ba da nawa labarin, don ni ya taɓa cin ni. Wani babban shagon sayar da magunguna na yi wa manhaja da SQL Server Express, wanda ake bayarwa kyauta. A lokacin iyakar kowane rumbu a cikinsa GB 10 ce. Na sa duk rasit da rahoton rana suna shiga varbinary, takwaran bytea a can, don mai shagon ya ce ba ya son komai ya ɓace. Shekara biyu da 'yan watanni komai na tafiya. Wata Asabar da hantsi, layi har bakin ƙofa, kwamfuta ta ƙi karɓar ciniki ko ɗaya. Rumbu ya cika. Da na iso na tarar da yaran shago sun ɗauko littafi suna rubuta ciniki da biro, wata tsohuwa na tsaye da takardar likita a hannu tana jiran a duba mata farashi. Da na duba, bayanan ciniki ba su kai GB 1 ba, sauran duk PDF ne da ba wanda ya taɓa buɗewa.

Daga baya na koma FILESTREAM, wanda suka kawo tun SQL Server 2008: fayil yana zaune a faifai, amma rumbu ne ke riƙe da ragamarsa, kuma ba ya shiga lissafin iyakar nan. PostgreSQL ba shi da wannan iyakar ta GB 10, na sani. Abin da nake so ka ɗauka shi ne, in ba ka sa ranar gogewa tun farko ba, ba wanda zai zo ya sa maka.

Yar_Katsina:
Ni tambayata daban ce. Me ya sa za a ajiye su ma? Fayil ɗin da aka fitar ai daga bayanan rumbu ya fito. Duk mai so a sake haɗa masa a take. Ajiye shi kamar ajiye abu ɗaya sau biyu ne.

Hajiya_Akanta:
'Yata, a nan kam ban yarda ba. Ni ba mai rubuta manhaja ba ce, lissafin kuɗi ne aikina, shekara 19 ina yi. Takardar da aka bai wa mamba a ƙarshen watan Maris hujja ce. In a watan Mayu aka gano an yi kuskuren shigar da kuɗin wani aka gyara, kika sake haɗa takardar Maris, alƙaluma za su fito daban da wadda ke hannunsa. Na ga wannan da idona. Dattijo ya zo ofis, ya zaro takarda daga aljihun gaban rigarsa, an ninke ta huɗu har ta fara yagewa a kan ninkin, ya shimfiɗa a kan tebur ya ce ga abin da kuka ba ni. Muka buga tamu ta fito da bambancin naira dubu goma sha biyu. Gyaran da aka yi daidai ne, amma ba mu da kwafin abin da muka ba shi a wancan lokacin, don haka ba yadda za mu nuna masa inda bambancin ya shigo. Ya tafi yana ganin an ci kuɗinsa. Har yau abin na damuna.

Masu binciken kuɗi ma in sun zo, abin da aka fitar a lokacin suke tambaya, ba abin da kwamfuta za ta faɗa yau ba.

Yar_Katsina:
Gaskiya ne Mama, ban kalle shi ta nan ba. Amma na Excel da ma'aji ke fitarwa don ya duba wani abu ya rufe fa? Shi ma hujja ne?

Hajiya_Akanta:
A'a, wannan na aikin yini ne. Na rufe wata kaɗai ake ajiyewa.

Uwar_Biyu:
To kun ga inda maganar take. Fayil iri biyu ne a hannun Bazazzagi, yana ƙoƙarin yi musu ɗaki ɗaya. Akwai na wucin gadi, wanda za a sauke a manta da shi, akwai kuma na hujja.

Na hujja ne ke da dalili mai ƙarfi na zama cikin rumbu. In ka rufe wata, ka rubuta layin rufewar da takardar a cikin aiki guda, ko duka su shiga ko duka su fasa. Ba za ka wayi gari da layi yana nuna fayil ɗin da babu shi ba. In kuma ka maido da rumbu zuwa yadda yake ranar Laraba, takardun ma sun koma na Laraba. Da folda ko S3, ma'ajiyar fayil ta Amazon a intanet, ba ka samun wannan sai ka yi aikin da hannunka.

Na wucin gadi kuwa shi ne mai wahalar da PostgreSQL. Ga yadda abin yake a ciki. Shafin rumbu KB 8 ne. Layin da ya haura kamar KB 2, sai a yanka babban abin da ke cikinsa gunduwa-gunduwa a kai wani tebur na gefe, abin da suke kira TOAST. Duk abin da ka rubuta kuma sai ya bi ta WAL tukuna, kundin da rumbu ke fara rubuta kowane canji a ciki, wato sau biyu ake rubuta shi, in kana da rumbu na biyu mai bin sawu shi ma sai an tura masa. Sannan in ka goge layi, wurin ba ya komawa faifai nan take. VACUUM, aikin shara na rumbun, na share shi ne don a sake amfani da shi a cikin teburin. In kana son faifai ya sami sarari da gaske sai VACUUM FULL, shi kuma kulle teburin yake har ya gama. Tebur da ake zuba manyan fayiloli ana gogewa kullum, kumbura yake yi.

Dan_Maradi:
Salamu alaikum. Mu nan abin da munka yi, mun raba teburin wata-wata. In lokacin gogewa ya yi ba mu bin layi ɗai-ɗai, ɓangaren watan muke jefarwa gaba ɗaya da DROP, wuri ya dawo nan take, ba kumburi. Shekara ukku ke nan ba mu samu matsala ba.

Sabon_Shiga:
Don Allah ku yi haƙuri da tambayar ɗan koyo. Ni base64 nake mayar da fayil, wato haruffa zalla, in sa a ginshiƙin rubutu. Laifi ne?

Malam_Kod:
Ba laifi ba ne, asara ce. Base64 na ƙara wa fayil kashi ɗaya cikin uku na girmansa, ba tare da ya ƙara maka komai ba. Yi amfani da bytea kai tsaye, yana ɗaukar har GB 1 a gurbi ɗaya.

Abu_Fatima:
Tunda an zo nan, masu MySQL su yi hattara. BLOB zalla bayit 65,535 kawai yake ɗauka, KB 64 ke nan. MEDIUMBLOB MB 16, LONGBLOB GB 4. Na taɓa gadon wata manhaja da aka sa BLOB, duk PDF ɗin da ya wuce KB 64 an datse masa wutsiya, ba ya buɗuwa, kuma ba wanda ya lura sai bayan wata bakwai.

Dan_Kurmi:
Wannan sai dai tsohuwar saba ce, ko wani ya kashe tsauraran ƙa'idoji. Tun daga 5.7 MySQL kan ƙi karɓa ne ya ba da kuskure, ba ya datsewa a ɓoye.

Abu_Fatima:
Haka ne, 5.5 ce. Amma irinsu na nan da yawa suna aiki a ofisoshi. Ga kuma max_allowed_packet, iyakar girman abin da za a tura wa rumbu a lokaci guda, a 5.7 MB 4 yake zuwa, a 8.0 suka mai da shi MB 64. Fayil ɗin Excel irin na Bazazzagi zai iya maƙalewa a nan.

Yar_Katsina:
Ɗan ratse kaɗan tunda ana maganar fitar da fayil. Akwai wanda ya san dalilin da sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ ke fitowa a hargitse in an buɗe CSV a Excel? Ɗanladi ya koma wasu alamomi da ba a karantawa. A rumbu kuma lafiyarsu ƙalau.

Malam_Kod:
Fayil ɗin UTF-8 ne, amma Excel a Windows in an danna CSV sau biyu ba ya ɗaukarsa a haka sai ya ga alamar BOM a farkonsa, bayit uku: EF BB BF. Sa su a gaba, ƙugiyoyin za su fito daidai. Kuma ki duba lambobin waya, don yana cinye sifirin farko, 0803 ta koma 803. Shi ya sa na fi son a fitar da xlsx a ayyana ginshiƙin a matsayin rubutu.

Hajiya_Akanta:
Wannan sifirin ya sha ba mu wahala a lambobin asusun banki. Allah ya saka da alheri, yau na san daga inda yake.

Bazazzagi_92:
Ina biye da ku, kuma na ƙaru. Amma a dawo kan tawa don Allah. In na ce S3, sai an biya kuɗi, kuma sai an kai maganar gaban kwamitin ƙungiya, wanda sai ƙarshen wata uku yake zama. Shi ya sa nake neman abin da ke hannuna.

Injiniya_Gwale:
Wai ma me ya kai ku saba biyu a kan mutum 1,800? Da ɗaya ce, folda ta dindindin kawai za ka haɗa wa kwantenar, magana ta mutu.

Bazazzagi_92:
Yallabai, ba ni na yanke ba. An taɓa yin kwana biyu manhaja na kwance a lokacin biyan albashi, shugabanni suka ce ba za a sake ba.

Dan_Kurmi:
To ka ɗora MinIO, manhajar ma'ajiyar fayil, a ɗaya daga cikinsu, yana magana da yaren S3, Laravel ba zai ma san bambanci ba. Ko ka raba folda ɗaya tsakanin sabobin biyu ta NFS. In kuka sami kuɗi gobe, adireshi kawai za ka canza. Da MinIO kuma ka sami mahaɗin saukewa mai wa'adi, wanda ke mutuwa da kansa bayan mintunan da ka sa, fayil ya tafi wurin mai shi ba tare da ya bi ta PHP ba.

Uwar_Biyu:
Malam, ka ƙara masa abu na uku da zai riƙa yi wa kwafin ko-ta-kwana, yana sabuntawa, yana gadi, kuma shi kaɗai ne a wurin. In sabar da MinIO ke kai ta mutu, an koma gidan jiya. Ni na fi ganin mutum ɗaya ya riƙe abu ɗaya da kyau.

Dan_Kurmi:
Hajiya, in rumbun ya mutu fa? Maido da MB 500 da maido da GB 7 bayan shekara biyar ba ɗaya ba ne, musamman in kwafin yana wani wuri sai an jawo shi ta intanet ɗinmu. A lokacin ba PDF mutane ke jira ba, so suke su ga kuɗinsu.

Uwar_Biyu:
Wannan gaskiya ce, ban musa ba. Maganinta kwafi biyu da pg_dump, abin ɗaukar kwafin rumbu: na kullum da --exclude-table-data a kan teburin fayiloli, na fayilolin kuma sau ɗaya a wata bayan an rufe lissafi, tunda ba sa canzawa. In wuta ta kama, ka fara maido da na kuɗi. Sai dai in da pg_basebackup yake yi, nan kam ba a ware tebur, duka ake kwashewa.

Sabon_Shiga:
Na ga ana cewa tebur UNLOGGED ba ya bi ta WAL. Ba zai yi ba?

Dan_Maradi:
Ga na wucin gadi yana yi. Amma in wuta ta ɗauke rumbu ya faɗi ba shiri, PostgreSQL na share teburin tas in ya tashi, kuma ba ya zuwa rumbu na biyu. Kak ka sa takardun hujja ciki.

Lauya_Mai_Kod:
Akwai gefen da ba a taɓo ba. Fayil ɗin Excel na ma'aji yana ɗauke da sunaye, lambobin waya, lambobin asusu da bashin mutum 1,800 a wuri ɗaya. A manhaja kowane shafi na da mai izinin gani, amma da zarar an fitar, duk sun taru a abu guda da za a iya turawa ta WhatsApp. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce kada a riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsu, kuma a tsare su. Na sha ganin foldar fitarwa a buɗe ga duniya, sunayen fayil kuma a jere, rahoto_41, rahoto_42, duk wanda ya canza lamba ya sauke na wani. Ta wannan fuskar tebur ya fi, don dole a bi ta manhaja, kuma za ka iya rubuta wanda ya sauke da lokacin. Amma ka tuna duk mai kwafin rumbun a kwamfutarsa yana da su duka. Ko ina ka sa su, na wucin gadi su mutu cikin kwana bakwai.

Malam_Kod:
In ka tafi da tebur, abu uku daga wanda ya ƙone. Raba shi biyu: ɗaya na suna, girma, mai shi, ranar fitarwa da hatimin SHA-256, ɗaya kuma na gangar jikin fayil kaɗai. In ka haɗa su, ranar da wani ya rubuta Export::all() don ya nuna jeri, Eloquent na Laravel zai kwaso kowane fayil zuwa ƙwaƙwalwa, PHP kuma da MB 128 yake zuwa, shafi ya mutu. Na biyu, xlsx dama ZIP ne, yawancin PDF ma a matse suke, don haka ka sa SET STORAGE EXTERNAL a ginshiƙin, kada rumbu ya ɓata lokaci wajen matse abin da ba zai matsu ba. Hakan kuma zai sa substring ya riƙa ɗebo fayil kaɗan-kaɗan da sauri. Na uku, ka bar Large Object, ɗaya hanyar ajiye manyan fayiloli a PostgreSQL, ba ka buƙatarsa a wannan girman, kuma in ka goge layi shi ba ya tafiya sai ka bi shi da vacuumlo.

Hatimin nan kuma, Hajiya Akanta, shi zai nuna cewa takardar da ke ajiye ba a taɓa ta ba tun ranar da aka fitar.

Bazazzagi_92:
Na dawo. Jiya da dare na gwada a kwamfutata. Na zuba takardun bogi 21,600, kwatankwacin shekara guda. Buɗe takarda ɗaya ba a ma jin sa. pg_dump da ke gamawa cikin ƙasa da minti ɗaya ya koma minti shida. Abin da ya ba ni mamaki, da na fitar da shi a rubutu zalla ya kai kusan GB 3.

Uwar_Biyu:
Saboda bytea a rubuce da hex yake fita, kowane bayit ya zama harafi biyu. Yi da -Fc, zai matse ya dawo kusa da girmansa.

Bazazzagi_92:
Na yi, ya sauko. Ga inda na tsaya yanzu: takardun mambobi da Excel na rufe wata su shiga tebur, a raba shi shekara-shekara, da kwafi biyu kamar yadda Hajiya Uwar_Biyu ta ce. Na yau da kullum ba zan ajiye ba sam, a haɗa a miƙa wa mai nema, in ya ɓata ya sake dannawa. Zan kuma rubuta ajiyar ta bayan ƙofa ɗaya a manhajar, yadda in kwamiti ya amince da kuɗi za a kwashe ba tare da an farke komai ba.

Dan_Kurmi:
Allah ya taimaka. Ni dai har yanzu da ni ne waje zan kai su tun yau, don "za a kwashe daga baya" na sha jin ta. Ka sa wa kanka iyaka a rubuce, in teburin ya kai GB 5 a tashi. Kuma ka gwada maidowa a wata kwamfuta, ba ɗaukar kwafi kaɗai ba.

Hajiya_Akanta:
Ɗana, kafin ka sa ranar gogewa ka tambayi mai binciken kuɗinku shekara nawa yake son a riƙe takardun, ya ba ka a rubuce. Kuma in an yi gyara bayan an rufe wata, kada a taɓa tsohuwar takardar. A fitar da sabuwa a rubuta mata "gyararriya" da kwanan wata, su zauna tare.

Bazazzagi_92:
To Mama, wannan na nufin mamba ɗaya zai iya samun takarda biyu a wata ɗaya, ni kuma na riga na sa ƙa'idar cewa ɗaya ce tak. Sai na ƙara ginshiƙin lambar bugu. Wacce za a nuna masa in ya shiga, sabuwar kaɗai ko duka biyun?

Hajiya_Akanta:
Duka biyun, sabuwar a sama.

Yar_Katsina:
Malam_Kod, na sa bayit ukun nan, Ɗanladi ya fito daidai a Excel. Amma yanzu manhajar da muke tura wa fayil ɗin ta ce ba ta gane sunan ginshiƙin farko ba. Akwai wanda ya taɓa cin karo da wannan?